Itacen Jegon Shamsiyya

A Burumburum da wuya ka nuna macen da ta haihu ba Gwaggo Asabe ce ta yi mata wankan jego ba. Ni ma ita ta yi min, haihuwa biyar, har yau bayana bai manta ba. Ƙanwar mahaifina ce, 'yar gajera, ga baki kamar reza. Shekara talatin tana tafasa ruwa a tukunyar ƙarfe, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, har kwana arba'in. In kin yi ihu ta ce, “Rufe min baki! Da kina ɗakin mijinki ni kika kira?” Bayan wanka kuma sai kunun kanwa, kwano guda, tana tsaye a kanki sai kin shanye. Ba abin da take tsoro a duniya kamar sanyi ya shiga jikin mai jego.

Haihuwarta tara, uku suka rayu, mace ɗaya ce a ciki: auta, Shamsiyya. A Tiga take aure, gidan Labaran mai noman rani. Bara ta haifi 'yar fari ta taho gida wanka. Labaran ya aiko da itace cike da amalanke, na kwana arba'in cif. Ni Gwaggo ta sa nake hura wuta, don gwiwoyinta sun fara ƙi.

Bayan suna ƙafafun Shamsiyya suka kumbura suntum. Da muka kai jaririyar rigakafi, ma'aikaciyar asibiti ta danna ƙafar Shamsiyya, yatsa ya lotsa. Ta ce a daina kanwa, a rage zafin ruwa, a kai ta babban asibiti a duba zuciyarta. Da muka faɗa wa Gwaggo sai ta tafa hannu.

“Ikon Allah! Yarinyar da ni na wanke uwarta ce za ta koya min jego? Sanyi ne ya shige ta, ni zan fitar da shi.”

Wallahi ni ma dariya na yi. Na ƙara itace, ita ta ƙara kanwa.

Shamsiyya ba ta musu da uwarta. Ta daina iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana haki, tari ya ƙi ƙarewa. Sau ɗaya ta ce, “Inna, ruwan nan yana ɗauke min numfashi.” Gwaggo ta ce, “Daure, 'yar nan, saura kaɗan.” Tana faɗa tana shafa mata kai, don kaf duniya ba wanda take so kamarta.

Rana ta talatin da uku, da hantsi, Shamsiyya ta sulale a wurin wanka. Muka kai ta asibiti a Tudun Wada. Likita ya ce zuciyar ta kumbura, an makara. Kafin la'asar, Shamsiyya ta cika.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma tun daga ranar Gwaggo ta kife tukunyar a bayan ɗaki. In an zo kiranta wanka sai ta ce a kai yarinyar asibiti tukuna. Ita ke goyon jikarta, kuma ruwan wankanta sai ta taɓa sau uku kafin ta sa ta.

Itacen kwana bakwai ya rage a jingine da katanga. Damina ta dake shi, gara ta ci rabi, amma Gwaggo ta hana kowa taɓawa. Rannan na same ta zaune tana kallonsa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Lubabatu, ke ba kya ɓoye magana. Ni ce, ko?”

Ni ce duk garin nan aka sani da faɗar gaskiya. Na zauna kusa da ita, na ce, “Gwaggo, ai ni na hura wutar.”