Ƙwaya Huɗun Baffa Buba

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi da mantuwa na yiwuwa da tuni na manta na huta. Shekarun baya ne, lokacin ina tsaron wani ɗan kemis a bakin titin Falgore, inda mutane ke ce min likita alhali iyakar sanina in karanta sunan da ke jikin kwali. Ranar kasuwa kam ba a magana, tun hantsi nake tsaye da almakashi ina yanka katin ƙwaya, wannan biyu, wancan uku, takardar gargaɗin da ke cikin kwalin kuwa da ita muke ƙunshe maganin. Ba mai karanta ta, har ni.

A irin wannan ranar ce, da damina, Baffa Buba ya shigo. Dattijon Bafulatani ne, ya haura sittin, amma har lokacin shi ke bin shanunsa da ƙafa a gefen daji. Ya ce zazzaɓi ne da ciwon gaɓoɓi, an ce masa taifot ne. Ni kuma na gaji liƙis, ban karya ba, mutane na ta miƙo hannu ta kan juna, sai kawai na yanko masa sifiro guda goma, maganin kashe ƙwayoyin cuta da a ƙa'ida sai likita ya rubuta, na haɗa masa da 'yan ƙananan ƙwayoyin nan na ciwon jiki masu sa kumatu su ciko. Ban tambayi shekarunsa ba, ban ce masa in diddige ya fara ciwo ya dakata ba. In faɗa muku gaskiya, ban ma san ana faɗa ba.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ruwa ya ɗauke rana ta fito tarwai, ina gyangyaɗi a kan benci sai na ji ana jan ƙafa a bakin ƙofa. Baffa Buba ne, ba sanda ba hula, rigarsa duk taɓo. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye min ƙwaya huɗu a kan kanta, da yankan almakashina a jikin katin.

Ya ce, "Likita, karɓi abinka. Ya tsinke min agara. Kada tsohuwa ta sha."

Na juya in jawo masa benci, ina juyowa babu kowa. Na leƙa waje, ga sawun ƙafa ɗaya a cikin taɓo, kusa da shi kuma wani dogon layi na ƙafar da ake ja, har bakin kwalta. Na tambayi wani mai facin taya da ke zaune daf da ƙofata, ya rantse tun da aka idar da salla ba wanda ya gifta shi.

Bayan kwana biyu babban ɗansa, Sale, ya biyo yake gaya min Baffa na asibiti a Tudun Wada. Wai tun rana ta biyu da fara shan maganin diddigensa ke ciwo, amma kun san su da fulako, dattijo ba ya cewa wayyo a gaban 'ya'yansa, haka ya ci gaba da sha yana fita kiwo. Yana tsallake wani rafi ya ji ƙas a bayan ƙafarsa kamar an buga masa sanda, ya faɗi a nan tun kafin azahar, ba a gano shi ba sai washegari. Na lissafa, ranar da ya zo min ce, kuma daga wurin zuwa shagona tafiyar rabin yini ce ga mai ƙafa biyu. Sale ya ƙara da cewa innarsu ma zazzaɓi take yi, Baffa ya bar mata ragowar ƙwayar a ƙarƙashin faifai, ta nema sama da ƙasa ba ta gani ba.

Na je asibitin duba shi. Na tarar likita na yi wa Sale bayanin cewa maganin yakan tsinka jijiyar agara, musamman ga tsofaffi, haɗa shi da waɗancan ƙananan ƙwayoyin kuma shi ne ya fi haɗari. Likitan ya tambaya wa ya ba shi maganin, na sunkuyar da kai, Baffa kuma bai nuna ni ba. Da suka fita na matsa na tambayi Baffa yadda aka yi ya zo wurina.

Ya dube ni ya ce, "Ni ban je ba, likita. Da wace ƙafar? Amma tun da na faɗi ba abin da nake so irin in je."

Baffa Buba bai sake bin shanu ba, a ruga yake wuni yana kallon su suna fita. Ni ma ban cika shekara ba na bar kemis, na gaji da zabura duk lokacin da wani ya ja takalmi a ƙofa. Don Allah, kada ku sha irin wannan magani sai likita ya rubuta, kada ku ba wani ragowar naku, in kuma diddige ya fara ciwo ku dakata ku koma ku faɗa, ba abin kunya ba ne. Ƙwayoyin nan huɗu har yau suna cikin akwatina. Na sha ɗaukowa in yar, sai in tuna ban san wa ya kawo min su ba, in mayar.