Ranar da Kaka ta Kira Gayya a Filin Ƙwallo

Jiya da safe matata ta kwashe tokar murhu ta zuba a bayan ɗaki, yayyafi ya sauka a kanta, warin ya shigo mini ta taga. Ban san lokacin da na ajiye kofin shayina ba. Wannan wari na jiƙaƙƙiyar toka shi ne warin filin ƙwallon ƙauyenmu, domin mu ba mu san fenti ba. Da tokar da mata suka toya kisra, wato siririyar wainar dawa, muke jan layi. Mukan bi gida-gida da tsohon buhu muna roƙo, ana yi mana tsiya ana zuba mana.

Ƙauyenmu yana gefen Managil, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Filin yana tsakanin tur'ar da gidajen ƙarshen gari. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya share shi tun yana saurayi, ya tumɓuke ƙaya, ya cike ramuka, ya kafa itatuwan raga da hannunsa. Lokacin da na taso gwiwa ta riga ta hana shi gudu, sai ya koma mai koyar da mu, da usur rataye a wuya ko masallaci zai je. Ni ya sa a raga tun ban cika saurayi ba, wai don ina da tsawo kuma ba na tsoron faɗuwa.

A da, duk ranar wasa, gari ne ke tashi. Dattawa su shimfiɗa tabarmi a kan tudun tur'a, samari su jeru a bakin layi, masu gasa agashe, irin tsirenmu, su kafa wutarsu ta inda iska za ta kai mana ƙanshi. Sai wani ɗan kasuwa ya dawo daga birnin Madani ya buɗe nadi, rumfar kwano ce da bencina, da talabijin da janareta da faranti a kan rufi mai kamo wasannin Turai. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin kallo ne. Ciyawa shar, fitilu, kuma idan aka ci ƙwallo sai a maimaita maka ita a hankali har ka ƙoshi. Mu a filinmu in ka sunkuya ɗaure takalmi aka ci, to ta wuce ka ke nan.

Kaɗan-kaɗan tudun tur'a ya koma wayam. Muna wasa awaki ne ke kallonmu, su ma ciyawa ta kawo su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: in yi tsalle in kama ƙwallon da ni kaina ban zaci zan kama ba, in faɗi ƙirjina ya bugi ƙasa, in ji shiru. Can sai ihu ya taso daga cikin gari, an ci wata ƙwallo a wata ƙasa da babu ɗayanmu da ya taɓa takawa. Wallahi na sha haɗiye kuka a tsakanin itatuwan nan.

Ana nan sai masu buga bulo suka nemi filin, saboda yana kusa da ruwa. Shugaban lajna, wato kwamitin gari, ya kira Baffa. Ba mugun mutum ba ne, lissafi kawai yake yi. Ya ce fili na gari ne, in gari ba ya zuwa, to gara a ba masu aiki. Ya ce ranar Asabar, da za mu karɓi baƙi daga wajen garin Hajj Abdalla, zai zo da mutanensa su gani da idonsu. In sun tarar da jama'a, fili ya zauna. In awaki suka tarar, a tumɓuke itatuwa.

Kuma wannan Asabar ɗin, a daidai wannan la'asar ɗin, ita ce ranar da manyan ƙungiyoyi biyu na Turai za su kara. Mai nadi ya kwana biyu yana ƙara bencina, yana gaya wa kowa cewa duniya gaba ɗaya za ta zauna kallo, miliyoyin mutane. Baffa ya shigo gida ya zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya cire usur daga wuya ya ajiye a ƙasa. Ban taɓa ganin wuyansa babu igiyar nan ba sai ranar.

Kakata ƙaramar mace ce mai kaifin baki. Yaran gari suna kiran kakanninsu habboba, ita kuwa ka ce mata haka sai ta yi kamar ba ta ji ba, har ka ce Kaka. Ni mijinta take kirana, tana cewa ragon miji Allah ya haɗa ta da shi, ko cefane ba ya yi. Ƙwallo kuwa ba ta san kanta ba, tamaula take ce mata. Da ta gama jin labari sai ta juyo gare ni.

"Kai, mijina. Mutanen ga na cikin akwati, in kunka yi musu ihu, suna ji?"

Na ce ba sa ji.

"Sun san ko ɗiyan wa ku ke?"

Na ce ba su sani ba.

Ta jinjina kai. "To. Mijina na tsaye cikin rana babu mai kallo nai, ana can ana yi ma waɗanda ba su ji kirari. Ku kira min mai ganga. Gayya za ni kira."

Ga wanda bai tashi a wajenmu ba, bari in faɗi abin da gayya take. Idan aikin gona ya fi ƙarfin gida ɗaya, kamar nome ko tsintar auduga ko yankan dawa, sai mai gona ya kira gari. Shi nasa abinci ne da mai ganga, su nasu ƙarfi. Ba a biyan kowa. Amma wanda ya taɓa zuwa taka, ranar da ya kira tasa ba ka da bakin cewa kana da uzuri. Kakata kuwa babu gayyar da aka yi a ƙauyen nan ba tare da tukunyarta da guɗarta ba, tun kafin a haifi iyayen mafi yawan masu zaman nadi. Ita ba ta taɓa kiran tata ba, don 'ya'yanta sun ishe ta noma.

Baffa ya ce, "Inna, gayya ta noma ce. Dariya za a yi muna."

Ta ce, "A yi. Mai dariyar ma sai ya zaka hilin kahin ya yi ta."

Mai ganga ya zaga gari yana shela cewa tsohuwa tana gayya ranar Asabar bayan la'asar a filin bakin tur'a. Bai faɗi aikin da za a yi ba, domin ita ma ba ta faɗa masa ba. Mutane suka yi ta tambayar juna, wace irin gayya ce da yamma, kuma a wurin da ko kuɓewa ba a shuka ba? Gidanmu kuwa ya kama da daka. Aka tuƙa tuwon dawa, aka kaɗa miya, aka dama godogodo, irin furarmu, a manyan ƙore, hayaƙi ya hana mu ganin juna.

Ranar Asabar muka ja layin toka muka tsaya. Baƙi sun iso a bayan babbar mota, suna dubanmu suna duban awaki. Shugaban lajna ya zo da kujerarsa. Daga cikin gari muna jin janareta ta tashi.

Sai ganga ta fito daga lungu, a bayanta kuma mutane. Abin da na gani ya sa baƙinmu suka ja da baya suka nufi motarsu: kowa da makaminsa. Dattawa da fartanya a kafaɗa, wasu da lauje, wasu da gatari, mata da buhunan tsintar auduga ɗaure a ƙugu. Ai ba a zuwa gayya hannu sake, abin kunya ne. Da ba su san aikin ba, sai kowa ya ɗauko abin da ya fi zato. Sai da Baffa ya ɗingisa ya je ya rantse wa baƙin cewa ba faɗa ba ne.

Wani dattijo, abokin marigayi kakana, ya dogara fartanyarsa ya ce, "Hajiya, ga mu. Ina aikin?"

Ta nuna mu da sandarta. "Ga shi nan. Aikin yau na ido ne da maƙogwaro. Ku aje ƙarhe ku zauna."

Aka yi dariyar da Baffa ya ji tsoro, amma a filin aka yi ta, kuma babu wanda ya juya. Wasu da hannunsu ya ƙi zama suka nome ciyawar gefen layi kafin a busa usur. Sai dai samari ba su da yawa, suna can rumfar kwano.

Ba a daɗe da farawa ba baƙi suka zura mini ɗaya. Ina kwance a ƙasa sai na ji guɗa ta tashi ta ko'ina, Kaka ce a gaba. A gayya duk wanda ya fara kai ƙarshen kunyarsa shi ake yi wa guɗa, ba a tambayar ɗan wane gida ne. Sun ga yaro ya yi gudu ya kai abu inda ake kai shi, suka ba shi haƙƙinsa. Baƙi suka tsaya sororo, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Sai da wata ƙanwata ta raɗa mata, sannan na ji muryarta: "Ashe mijina anka ci? To wa ya hwaɗa min!" Ta taso da sandarta ta zo bayan ragata ta tsaya, mata suka biyo ta.

Wannan guɗar ta kuskure ita ta yi mana aiki. Ta shiga cikin gari ta ratsa ƙarar janareta. Ku sani, ɗan ƙauyenmu zai iya toshe kunne ga komai, amma ba zai ji guɗar uwarsa ya zauna ba tare da ya san dalili ba. Samari suka fara leƙowa ɗaya-ɗaya, da niyyar su duba su koma. Suka tarar da iyayensu a kan tudu, da mai ganga yana bin 'yan wasa da kiɗan noma, yana kiran kowa da sunan ubansa da na kakansa da garin da kakan ya baro a yamma, can ƙasar Hausa. Babu wanda ya koma.

Ban taɓa ganin yaranmu sun yi gudu irin na ranar ba. Mutum ya ji an ambaci kakansa a gaban gari, ina zai sa gajiya? Muka rama kafin hutu. Bayan hutu ɗan maƙwabcinmu, wanda kullum Baffa ke zagi saboda lalaci, ya sa kai ya ƙara ta biyu. Daf da tashi wani dogon ɗan wasansu ya sako mini wata kamar dutse, na tashi na doke ta ta bi ta saman itace. Wannan karon da na faɗi ban ji shiru ba. Ƙasa ce na ji tana rawa a ƙarƙashin ƙirjina, Kaka kuma tana dukan itacen raga da sanda tana cewa a shaida mijinta ne.

Da aka tashi na hango mai nadi da kansa a cikin taro, ya kashe janareta ya ɗauko butar shayinsa yana sayarwa. Shugaban lajna ya naɗe carbinsa ya ce da Baffa, "Halas, hili ya zauna." Baffa ya juya baya yana gyara igiyar usur, kafaɗunsa suna motsi. Aka sauke ƙore, mu da baƙi muka ci tuwon gayya a tsakiyar fili har aka kira magariba.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Baffa ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu. Nadi bai mutu ba, ya ma koma cikin aljihun kowa, yaro na kan jaki yana kallon Turai a waya. Injuna sun karɓe yawancin aikin gona, har an kai shekarun da ba a kira gari nome ba. Mun ga tashin hankalin da ya watsa mu, muka dawo muka tarar da ƙaya ta cinye filin, muka sake share shi. Har yau kuma duk ranar da za mu karɓi baƙi, ba a cewa akwai wasa, cewa ake akwai gayya, kuma mutane suna fitowa.

Ɗana ƙarami Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa tsinta-tsinta ce. Bara da damina wani maƙwabcinmu ya kwanta ciwo, ciyawa ta kama gonarsa, dattawa suka ce a tayar da tsohuwar al'ada. Na ce wa yaron ya shirya, gobe da safe akwai gayya. Da gari ya waye na fito da fartanya, na same shi a ƙofar gida ya sa rigar ƙungiyarmu, ya ɗaure takalmi. Ya dubi fartanyar, ya dube ni, ya ce, "Baba, da wa za mu buga?"