Hujin Birkin Ɗanmaliki

Bube maƙeri ne a Tambuwal, gadon gidansu. Da motoci suka fara yawa sai ya koma gyaran birki, kuma ni Malami da nake ɗinki a jikin rumfarsa ban taɓa ganin direba ya dawo masa da ƙorafi ba. Aibinsa ɗaya, kunya. Ni'imatu ɗiyarsa ta fari ce, don haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Mijinta kuwa, Ɗanmaliki direban babbar mota da ke zaune a Kebbe, ko ido ba sa haɗawa.

Shekarar da aka samu mulkin kai Ɗanmaliki ya kai kaya Kaduna. A can ya ga motar tseren wani Bature, an yi wa ƙarfen birkinta huji-huji don ya sha iska, kada ya yi zafi. Abin ya shiga ransa. Da ya dawo ya durƙusa nesa da rumfa, kai a ƙasa, ya roƙi surukinsa ya huda masa nasa haka.

Sai da Ɗanmaliki ya tafi sannan Bube ya juyo gare ni.

"Malami, wanga huji na kwalta na. Hanyar Kebbe yashi da rafi. Yashi shi shiga ramu shi cinye birki, ƙarfe shi yi zafi shi faɗa ruwa, shi tsage daga rami zuwa rami. Mu sumul ɗin shi ka yi muna."

Na ce, "To ka gaya mishi mana."

"In yi gardama da suruki? Da wane baki?"

Haushi ya kama ni, har yau bai sake ni ba. Mutum ya san gaskiya, ya zauna a kanta, ya ɗauki ƙarfe ya huda! Na tare Ɗanmaliki a tasha na zayyane masa komai. Dariya ya yi mini.

"Haba Baba Malami, in da akwai illa, Baba da hannunai zai huda?"

Ruwa ya kankama, cikin Ni'imatu ya tsufa. Ɗanmaliki ya ɗauko ta daga Kebbe don ta haihu gaban iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Birki ya yi zafi jau suka ƙetare rafin farko. A gangaren na biyu ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ba ta tsaya ba.

Shi cinya ya karya. Ita kuwa da la'asar aka kawo ta ƙofar gida a rufe da zane.

Bube ya fito da guduma a hannu. Ya ajiye ta, ya durƙusa gaban jama'a, ya yaye zanen.

"Ni'imatu," ya ce a hankali. "Ni'imatu, tashi mana."

Ranar na fara jin sunan a bakinsa.