Ƙafar Da Na Miƙe Da Ƙarfi

A shekarun da ake faɗaɗa wurin ɗawafi, ni dattijo ne mai shagon yadi a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, mutumin da ba a gaya masa magana. Na yi fatauci a Bombai, na zauna Khartum da Kwatano, ina jin Larabci da Urdu da Faransanci, duk abin da aka kawo a majalisa sai na ce na ga wanda ya fi shi a wata ƙasa. A Bombai ne ciwon baya ya taɓa kai ni wurin wani tsoho mai koyar da yoga, wato miƙe jiki da sarrafa numfashi irin na Indiyawa. Ya kwatanta mini wata tsoka can cikin ciki da ta haɗa ƙashin baya da cinya, likitoci na ce mata sowas. Ya ce bayan jikin nan da ake taɓawa akwai wani jiki da ido ba ya gani, mai hanyoyin da numfashi ke bi, kuma tsoro da baƙin ciki a tsokar nan suke taruwa su ɗaure mutum. Ban ɗauki ibadarsu ba, miƙa da numfashin kawai na koya, bayana kuwa ya saki. Tun daga nan na ɗauki kaina gwani.

Sai surukata ta rasu can gida ƙasarmu, iƙamar matata, wato takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa, ba ta samu zuwa ta'aziyya ba. Ba a daɗe ba ta fara tafiya a sunkuye, ƙafar dama ta ƙi miƙewa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Nan take na yanke hukunci: baƙin cikin uwa ne ya taru a tsokar. Yayarta mai sayar da masa a Tandabawi ta zo ta ce a tafi mustashfa, wato asibiti, yau yau. Na hau yi mata bayanin jiki biyu. Ta ce Alhaji, Urdu ba ya sauke zazzaɓi, kuma ko a Bombai ɗin ba ta jin masu yadi ne ke duba marasa lafiya. Na ce ta fita mini daga gida.

Mako shida, kullum bayan sallar asuba, ina kwantar da matata, baiwar Allah, a darduma, in danne ƙugunta in ja ƙafar baya, in ce ta ja numfashi. Tana ihu ina ce mata madalla, baƙin cikin ne ke fita. Wata safiya ta riƙe hannuna ta ce ta san kukan uwarta, wannan kuwa ba shi ba ne. Na ce khalas, zancen ya ƙare, ba ita ta je Indiya ba. Duk lokacin da na tuna wannan amsa sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar da ta faɗi a bakin murhu maƙwabta ne suka kai ta asibiti, ina shago. Likitan Ba'indiye ne, har a nan ban daddara ba, na tare shi da Urdu ina zancen tsokar. Ya nuna mini hoto ya ce tsokar kam na gane ta, amma mugunya ce cike a cikinta, har ta ci gaɓar ƙugu. Ya ce mahaifiyarsa kullum sai ta yi yoga, amma ranar da jikinta ya yi zafi asibiti yake kai ta, kuma malamin kirki ba zai ja ƙafar mai zazzaɓi ba. Ya tambaya wa ya riƙa jan ta haka. Yayarta na tsaye, ta nuna ni da haɓa.

An zuƙe mugunyar, ta rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Matar da ke zagaya Ɗaki sau bakwai ba ta haki, yanzu a keke take ɗawafi, ni nake tura ta. Ba ta taɓa goranta mini ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Ba tsohon Bombai nake jin haushi ba, bayana ya duba, bai ce in je in duba na wasu ba. Haushin kaina nake ji, da na duk mai irin halina, wanda abu ya yi masa aiki sau ɗaya ya mayar da iyalinsa wurin gwaji. Yawan ƙasashe da harsuna bai mayar da ni likita ba. Jama'a, in ciwon ƙugu ya zo da zazzaɓi da rama, ku tafi asibiti. In mai ciwo ya ce muku ba haka yake ji ba, ku yi shiru ku saurara, jikinsa ne.