Maraƙin Ƙaiƙayi

Saniya ɗaya tak nake da ita a shekarar farin nan, shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Gadon uwata ce, da ita na tare gidan mijina a Nahuce, ta wajen Bungudu. Ba wata kyakkyawa ba ce, ga karkataccen ƙaho ga baƙin hali, amma nononta ne ya riƙe mana miya da sabulu. Kullum in na tatsa na kwantar da nonon, wata tsohuwar Bafulatana da ke zaune a bayan gari sai ta haɗa da nata ta kai Tudun Wada a Gusau.

Wanda bai taɓa tatsa ba yana ɗauka kamawa kawai ake yi a ja. Shanunmu ba su san wannan ba. Sai an saki maraƙi ya fara tsotsa, uwar ta lashe shi, nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ƙafarta, a tatsi rabi a bar masa rabi. In babu maraƙi a gabanta, ko za ki kwana kina ja, ɗigo ba za ki gani ba.

Ana tsakiyar rani zawo ya kama maraƙin nawa. Babu jiƙon da ban ɗura masa ba, amma ina. Da Malam, maigidana, ya ga ya kasa tashi, sai ya sa masa wuƙa don kada ya yi mushe, ya shanya fatar a kan danga. Daga ranar saniya ta riƙe nononta. Hantsa ta kumbura ta yi zafi, in na matso da ƙwarya ta kai mini harbi. Na aro maraƙin maƙwabta, saura kaɗan ta farke masa ciki.

Malam mutum ne mai lissafi. Ya ce harawa ta yi tsada, angurya sai an je Gusau an yi roƙo, kuma dabbar da ke ci ba ta kawo komai rami ce a tsakar gida. Ya ce kullum ramewa take yi, in muka ƙara jinkiri ko mahauta ba za su taya ba. Saniyar tawa ce, ya sani, amma ya ce in ba ta saki nono ba kafin masu korar shanu su tashi zuwa kasuwar Tsafe, shi ya cire hannunsa daga ciyar da ita. Ni kuwa da me zan ciyar? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na fi jin haushinsa.

Tsohuwar ta zo karɓar nono ta tarar da ƙwarya a kife. Ta saurare ni har na gama, ta dubi saniyar, sai ta tambaye ni ina fatar. Na nuna mata danga.

“Jiƙa ta, ɗiyata,” in ji ta. “Ki ɗunke, ki cusa ƙaiƙayi. Nagge da hanci taka sanin ɗanta, ba da ido ba. Amma in tag gane, ba ta ƙara yarda da ke.”

Wuni na yi ina fama. Fatar ta bushe ƙamas, ta yi wari, basilla ta huda mini yatsa. Na cusa ƙaiƙayi, na soka karare huɗu a madadin ƙafafu, na shafa gishiri a gadon baya yadda ta ce. Abin da ya fito bai yi kama da maraƙi ba, ya fi kama da matashin kai da aka yi wa duka. Malam ya leƙo, ya girgiza kai, ya wuce masallaci.

Washegari mai kora ya iso da igiyarsa tun ban gama share turke ba. Ina jin muryarsa a zaure shi da Malam, suna ta gaisawar da ba ta ƙarewa. Tsohuwar ta riƙe dodon nan nawa ta bayan rumbu, ta turo shi a hankali ta inda iska za ta kai wa saniya warinsa. Ni na tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyina.

Saniyar ta ɗaga kai. Ta huro iska ta hanci, ta ja da baya har igiya ta miƙe, ta sunkuyar da karkataccen ƙahon. Na ce shi ke nan, yanzu za ta tsire shi ƙaiƙayi ya watse. Daga zaure Malam ya yi gyaran murya, ya ce baƙo fa yana sauri. Saniyar ta matso, ta shinshina wuya, ta shinshina gindin wutsiya, ta tsaya cak. Can sai ta yi wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, irin wanda take yi wa maraƙin in ya yi nisa, ta miƙa harshe ta fara lasa.

Na kai hannu. Da farko babu komai. Sai na ji hantsar ta saki, nono ya bugi ƙwarya da ƙara. Na yi ta tatsa har kumfa ta kawo baki, don yau babu rabin da za a bar wa kowa.

Malam ya sallami mai kora, ya shigo ya tsaya a kaina yana kallon ƙwaryar, fuskarsa a sake.

“Ai wanga maraƙi ya fi na da riba,” ya ce. “Ba ya ci, ba ya sha.”

Da na sami abin jifa a kusa, da na jefe shi. Saniyata ta tsira, abin da nake roƙo ke nan, amma ban ji daɗin da na zata ba, kunya na ji da baƙin ciki. Na ɗauki maraƙin zan kai ɗaki don kada ta cinye ɗinkin. Sai ta biyo ni iyakar igiyarta, tana kiransa.