Ranar Da Na Ƙi Cin Abinci A Gaban Surukina

Assalamu alaikum, ku masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban yi boko ba, da baki na faɗa aka sa mini a takarda, amma kada wannan ya sa ku raina zancen. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna sun doshi saba'in, kuma ina ji da kaina. A unguwarmu a Kano ni ce uwar girki, duk bikin da ba ni na tsaya a kan tukunyarsa ba sai an kwana biyu ana gulmar miyar. Kuma in ana zancen kunya, ni ake nuna wa yara. 'Yar farina tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Uwar mijina kuwa mun yi shekara ashirin gida ɗaya, har Allah ya ɗauki ranta ba ta ga loma ta shiga bakina ba. Da wannan nake taƙama kamar yadda wata ke taƙama da gwal.

Bayan rasuwar malam sai ciwon suga ya matsa mini, 'yar farin nan tawa ta ɗauko ni ta kawo ni New York, gidansu da ke unguwar Jamaica, can wajen filin jirgi. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi, mijinta yana tuƙa bas a filin jirgin. Shi a nan aka haife shi, iyayensa mutanen zango ne daga Kumasi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ka ce mai tafiya da takalmin aro. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. In ya je Harlem sai ya taho mini da kilishi ko goro, ya tsaya bakin ƙofar ɗakina ya ce Mama ga tsaraba. In ce an gode, Allah ya yi albarka, in ajiye, ba zan taɓa ba sai na ji ya fita aiki. Abincina kuwa kullum a ɗaki 'yata ke kai mini, in turo ƙofa. Shekara biyu muna haka, ni a ganina babu surukar da ta kai ni girmama suruki.

Likita ya ɗora ni a kan allura, ya ja mini kunne cewa in na yi ta kada in daɗe ban ci abinci ba. Ni da ban san agogo ba, da salla nake aunawa: in sallame azahar, in yi allura, in ci. Ana nan sai aka ƙara wa surukina girma a wurin aiki, ya ce ranar Lahadi zai kai mu gidan abincin mutanen Tailan da ke bayan layinmu, wai can suke zuwa da matarsa tun suna neman aure. Na ce to. A raina na shirya cewa zan ci nawa a gida, in je in zauna musu don kada a ce na ƙi.

Ranar na sallame azahar, na yi allurata, na buɗe kwano ke nan sai ga shi yana ƙwanƙwasa ƙofa, wai in yi haƙuri in fito, inda ya ajiye mota ba a tsayawa, yanzu za a manna masa tikitin tara. To, ku gaya mini, da wane baki zan ce wa suruki ya dakata in ci abinci? Na mayar da murfi, na ja mayafi na fito. 'Yata ma ban gaya mata ba. Na ce a raina ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, ni da na yi azumin bazara a Kano, awa ɗaya ce za ta kayar da ni?

Wurin ɗan ƙarami ne, tebur bai fi shida ba. Wata tsohuwa 'yar firit, sa'ata ko ta ɗan girme ni, ta tarbe mu ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji ta sunkuya. Ita ce mai wurin. Ta zaunar da mu a wani tebur da bai kai faifai uku ba, kuma sai aka sa ni daidai gaban surukina, har gwiwata na neman taɓa tasa. Ya ce in kwantar da hankalina, babu nama a abin da ya sa a kawo, kifi ne da ganye. Da aka fara jera kwanuka sai hancina ya ci amanata. Ga wata taliya mai faɗi an barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa, ina jin ƙamshin tsamiya a cikinta. Ga kifi sukutum an soya shi ya miƙe kamar zai yi magana. Ga miyar kwakwa tana tururi. Ni mai girki ce, tun daga ƙamshi na san wadda ta yi wannan ta san hannunta.

Surukina ya ɗauki cokali ya shiga zuba mini, yana cire ƙayar kifin da kansa. Na ce na ƙoshi. Ya ce ko ɗanɗano. Na ce na ƙoshi. 'Yata ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ta raɗa mini cewa Inna, nan fa Amurka ce. Na ce mata ai ba Amurka ce ta haife ni ba. Sai na ga ya ajiye cokalinsa, fuskarsa ta canza, ya koma yana juya abincin gabansa ba ya ci. Ni kuwa gumi ya fara keto mini, ga shi ana sanyi har mutane na shigowa da manyan riguna. Hannuna ya kama rawa, na cusa shi cikin mayafi. Maganarsu ta koma kamar daga cikin rijiya nake jin ta. Na san abin da ke faruwa, likita ya kwatanta mini shi tsaf, kuma maganin yana gabana a faranti, tsakaninmu bai kai kamu ɗaya ba. Amma na gwammace in faɗi da in tauna a gabansa.

Na ce zan kewaya. 'Yata ta miƙe za ta raka ni, na harare ta ta zauna. Na bi wani ɗan lungu da ke gefen kicin ina dafa bango, ban kai ƙofar ban-ɗakin ba ƙafafuna suka ƙi. Sai ji na na yi a zaune kan buhunan shinkafa, ina so in yi kira harshena ya yi nauyi. A nan na yi kalmar shahada a zuci, ina cewa ashe a bayan kicin ɗin wasu zan cika, ni da na ciyar da rabin unguwa.

Tsohuwar nan ce ta same ni. Ta taɓa goshina, ta kama hannuna ta ga yadda yake kaɗawa, ta nuna cikinta da yatsa kamar mai yin allura tana dubana. Na gyaɗa kai. Ba ta yi ihu ba, ba ta tara mini jama'a ba. Ta ja labulen lungun ta rufe mu, ta ɗauko wani shayi mai sanyi, ja-ja, mai zaƙi kamar an narka alewa, ta tallafe ƙeyata tana ba ni kaɗan-kaɗan tana wani surutu da yarensu, irin wanda ake yi wa yaro mai ƙin magani. Da idona ya fara washewa ta kawo wata shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da yankakken mangwaro. Ta miƙo cokali, ta dube ni, sai ta ajiye shi ta kawo ruwa na wanke hannu. Ni da ita ko kalma ɗaya ba mu haɗa ba. Ina ci hawaye na zuba, ita kuwa ta juya mini baya tana gyaran albasa, wai don kada in ji ana kallona.

Sai da na dawo hayyacina ta kira 'yata. Abin da ta gaya mata da Turanci, daga baya aka fassara mini. Wai mijin tsohuwar ciwon nan ne ya yi ajalinsa, shi ya sa tun ina tebur ta gane gumin. Kuma ta lura duk lokacin da surukina ya ɗaga ido sai in sunkuyar da kai, sai ta tuna da uwarta, wadda ita ma ba ta iya cin abinci in baƙo na kallo. 'Yata ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce in da na suma a ban-ɗaki na kulle ƙofa fa?

Surukina kuwa yana tsaye bayan labule, ya ji komai. Matarsa ta fita ta warware masa cewa a wajenmu suruka ba ta ci a gaban mijin 'yarta, kuma girmamawa ce. Can sai na ji muryarsa ta bayan labulen, da Hausarsa ta aro:

"Mama, shekara biyu ni ina tsammani ba ki so na. Ina tsammani hannuna ne ki ke ƙyama."

Wallahi faɗuwar da na yi kan buhu ba ta yi mini ciwo kamar wannan maganar ba. Ashe duk kilishin da nake ajiyewa sai ya fita, shi gani yake an ƙi kyautarsa. Ashe ya sha tambayar matarsa laifin da ya yi mini, ita kuma tana ce masa haka tsofaffi suke, don ita ma tana jin nauyin buɗe zancen. Na ce masa ta bayan labulen, ɗan nan, da ban ɗauke ka da daraja ba da tuni na cinye kifin nan har kai a gabanka. Sai ya yi dariya, ya ce to shi zai fita waje ya tsaya, a kawo mini kifin in cinye har kan. Kuma ya fita ɗin, ya tsaya cikin sanyi a bakin titi har na gama. Daga nan suka wuce da ni asibiti, likita ya ƙara mini nasa faɗan.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na canza ba. Har yau ba na ci a gabansa, tsohuwar itaciya ba ta tanƙwaruwa. Amma yanzu in ya kawo tsaraba nakan aika masa da kwanon bayan na cinye, ya gani da idonsa. Gidan abincin nan kuwa muna zuwa duk wata, tsohuwar ta ajiye mini kujera a lungun kicin, ina ci ina kallon yadda take jiƙa tsamiya, tana nuna mini ina nuna mata. Addinina daban nata daban, amma ba na idar da salla ban roƙa mata alheri ba.

'Yan uwana tsofaffi da 'ya'ya suka kawo ƙasar nan, ku ji daga bakin wadda ta ɗanɗana. Ba na ce ku yar da kunya ba. Amma allura ba ta san suruki ba, in kin yi ta ki ci, ko gaban wa kike. Kuma yaran nan da aka haifa a nan ba su san karatun shirunmu ba, abin da muke nufi da girmamawa su ƙiyayya suke karantawa. Ki buɗe baki sau ɗaya ki gaya musu dalili. Ni sai da na kusa barin duniya a kan buhun shinkafa kafin bawan Allah nan ya san ina ƙaunarsa.