Muntaka da Fasinjojin Ƙasan Jirgi

Babu birnin da ya kai Jidda riƙon amanar tarihi. Mai shakka ya je unguwar Bagdadiyya, ya tsaya gaban dogon bangon da wani kamfanin gine-gine ya sa aka zana wa jirgin ruwa mai hayaƙi, irin wanda ya riƙa ƙetaro da alhazai daga gaɓar Sudan. Ga matuƙi da farar hula, ga manyan baƙi a bene suna shan iska. A ƙasa kuwa teku ce shuɗiya, ta hau jikin jirgin har kusan wuya. Sunan mai kamfanin na nan a gefe. Na Muntaka ba ya nan.

Muntaka Isma'il kan bar unguwarsu ta Sa'alaba bayan asuba da bokiti da burushi, ya dawo da magariba da fenti har a gemu. A Jidda aka haife shi, amma da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, yake zaune kamar wanda ya sauka jiya, kamfanin kuma shi ne kafilinsa, mai tsaya masa wurin hukuma.

Da aka ba shi aikin bangon, ƙasan jirgin fayau yake a zanen da aka miƙa masa. Shi kuwa ya san ba fayau ba ne. Kakarsa Turai ta baro ƙasar Hausa a ƙafa, ta yi shekaru tana cirar auduga a Sudan, sannan ta hau jirgin, can ƙasa tare da awaki. Ta sha ba shi labarin yadda kowa ke ɗaure da likkafaninsa a ƙugu don ya tsoma a Zamzam, in rana ta ƙwalle su kwance su yi rumfa da shi. Haka ya zana su, zaune a inuwar likkafaninsu, Turai a tsakiya. Da fentin mai ya yi su, wanda ya rage masa daga ƙofofin masu kuɗin unguwar Abhur.

Tsofaffin Sa'alaba suka yi ta zuwa kallo. Hikima, mai sayar da gyaɗa a bakin bangon, ta dafe ƙirji: "Wallahi Inna Turai ce, har da hararar!"

Sai manajan kamfanin, Abdulmohsen, ya zo.

"Baba Muntaka, tarihi muka ce ka zana mana. Wannan wankin da suka shanya fa?"

"Likkafani ne, ustaz."

"A'uzu billahi! A bangon kamfani? Halas, shi ke nan, ɗaga tekun sama ta rufe su." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ko ba haka ba?"

A ranar nan teku ta cika a Bagdadiyya ba tare da ruwan sama ba.

Sai dai shuɗin kamfani mai araha ne, iskar Jidda kuma gishiri ce zalla. Duk bazara shuɗin ya ɓare, fuskokin su ɓullo, Turai a gaba. Duk bazara kuma a tura Muntaka ya rufe su. Yakan hau tsani ya ce, "Kaka, kin sake leƙowa? Koma, mutanen ba su shirya ba tukuna."

"Ba ka jin kunya?" in ji Hikima daga ƙasa. "Ta haye teku lafiya, kai ka zo kana nutsar da ita a kan tudu."

"Yaya Hikima, in ban nutsar da ita ba, ni za a ƙetarar."

Abin da Hikima ta gani, ta kuma rufe bakinta a kai shekara da shekaru, shi ne yadda yake tsinka shuɗin da ruwa kafin ya shafa, don kada matafiyan su daɗe a ƙasa.

Kai ne, Muntaka, mai fentin da ya ɓata aikinsa da gangan don gaskiya ta samu ta numfasa. Kai ne ka ba 'ya'yan Sa'alaba 'yan watanni a kowace shekara da za su nuna bango su ce, ga yadda muka zo. Ba ka yi jawabi ba, ba a ɗauke ka hoto ba. Mun gode. Matasa su yi koyi da kai, in suna da gwiwar hawa tsanin da zuciyar saukowa.

Gwiwar Muntaka ta ƙare bana. Kamfani, da yake mai karamci ne, ya yarda ya mayar da kafalarsa hannun surukinsa, don ya ƙarasa kwanansa a garin da aka haife shi. Sharaɗi ɗaya Abdulmohsen ya sa: a kankare ƙasan jirgin har siminti, kada wanda zai gaje shi ya sha wannan wahalar.

An yi bikin sabunta bangon, an yi jawabai kan baƙin Allah da birnin da ya rungume su. Muntaka bai tsaya ba. Tun da safe ya kankare, ya share ɓawon fentin, ya ƙunshe a farin ƙyalle.

"Mene ne a ƙunshin?" in ji Hikima.

"Fasinja."

A motar Sa'alaba kujera ɗaya ta rage, ta bakin taga. Ya ajiye ƙunshin a kai, shi ya kama ƙarfe ya tsaya.